Gingimarin Roba: Yadda Ake Harhaɗa Babbar Mota Mai Inji da Bulon LEGO

 

Yau mota za mu haɗa. Babbar mota, irin tifa ko mai ɗaukar kaya. Sai dai ta roba ce, tsawonta wajen rabin mita. Tana da giya, tana da sitiyari, tana da ƙaramin inji mai aiki da batir. Ana harhaɗa ta ne da guntayen roba masu shiga juna, waɗanda aka fi sani da LEGO. Babu walda, babu gam, babu noti. Hannu ne kawai da haƙuri.

Duk wanda ya taɓa yin motar kara ko ta langa-langa yana yaro, ya yanka tsohon silifa ya yi mata taya, to ya matso kusa da rediyo. Rabin abin da zan faɗa ya riga ya san shi a hannunsa.

Abu ɗaya nake so ku riƙe tun daga nan. Girman inji ba shi ke tafiyar da wannan mota ba. Abin da ke tafiyar da ita biyu ne: cesis mai ƙwari, da lissafin giya. Zan sake faɗa. Cesis mai ƙwari, da lissafin giya.

Bari mu fara da asalin kayan, a taƙaice.

A garin Billund na ƙasar Denmak, wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ya fara yin kayan wasa na katako a shekarar 1932. A 1949 kamfaninsa ya fara fitar da bulo na roba. A 1958 aka yi rajistar ƙirar da muke gani yau: maɓallai a sama, ƙananan bututu a ƙasa, ka danna ɗaya a kan ɗaya su riƙe juna gam. Ma'aunin bai canza ba tun daga lokacin. Daga tsakiyar maɓalli zuwa tsakiyar na kusa da shi, milimita 8 ne. Shi ya sa bulon da kaka ya yi wasa da shi yake shiga na jikansa.

A 1977 aka fito da wani reshe na manyan yara, mai giya da aksil da bulo mai huji. Shi ne ake kira Technic. Da kayan Technic ake haɗa motar da muke magana a kai.

Kayan iri huɗu ne za ku riƙa jin sunansu. Akwai sanda mai huji a jere, ita ce ginshiƙin aikin. Akwai 'yar ƙusa ta roba da ke shiga huji ta haɗa sanda da sanda. Akwai aksil, wato siririn sanda mai juyawa, wanda in ka dubi bakinsa za ka ga siffar alamar tarawa ta lissafi. Sai giya, wato ɗan faifai mai haƙora. Wani abu da sabon shiga kan rasa gane wa: launin ƙusa yana da ma'ana. Baƙar ƙusa tana riƙewa da ƙarfi, ba ta son juyi. Mai ruwan toka kuwa sakakkiya ce, an yi ta ne don abin da zai riƙa juyawa. Ka sa baƙa a gurbin mai ruwan toka, injinka ya yi ta wahala a banza.

To, mun zo kashi na biyu. Cesis.

Cesis shi ne dogon firam ɗin da komai na mota yake zaune a kai. Ku leƙa ƙarƙashin kowace tifa, za ku ga dogayen ƙarafa biyu sun tafi daga gaba har baya, da gajeru sun gitta tsakaninsu kamar tsani. Haka ake yi a nan ma. Sanduna biyu dogaye, a haɗa su da masu gittawa.

Amma roba tana lanƙwasa. Sanda mafi tsayi da aka saba samu huji 15 gare ta, wato santimita 12 ke nan. Motar rabin mita tana buƙatar a jona sanduna da yawa. Kowace mahaɗa kuma wurin rauni ce. Saboda haka ba a jona su baki da baki. Ana ɗora ɗaya a gefen ɗaya, su haɗu a huji uku ko biyar, a sa ƙusa biyu aƙalla. Ƙusa ɗaya ƙyaure ce, juyawa za ta yi. Ƙusa biyu ce ke kafewa.

Masu amfani da tsohon bulo mai maɓallai suna da wata ƙa'ida mai daɗin haddacewa: bulo, falle biyu, bulo. Falle shi ne bulo siriri, kaurinsa sulusin na cikakken bulo. In ka jera bulo mai huji, ka ɗora falle biyu, ka ɗora wani bulo mai huji, to hujin sama da na ƙasa za su dace daidai da hujin sandar da ka tsayar a gefensu. Sai ka kafe su da ƙusa. An kulle ke nan. Ko motar ta faɗo daga kan tebur, wannan wurin ba zai rabu ba.

Ga gwajin cesis. Ka riƙe gaba da hannu ɗaya, baya da ɗaya hannun, ka murɗa a hankali. In ya murɗu da sauƙi, kada ka wuce gaba. Ka ƙara masu gittawa, ka sa wata sanda a karkace ta yi kusurwa uku. Me ya sa na nace a nan? Saboda giya biyu suna aiki ne in haƙoransu sun cije juna sosai. Cesis ya lanƙwasa da ko milimita ɗaya, haƙora sun saki. Sai ka ji ƙarat-ƙarat, mota na tsaye.

Masu sauraro, yanzu mun iso zuciyar shirin. Lissafin giya. A nan zan ɗan daɗe.

Ku tuna tifa cike da yashi ta zo hawan tudu. Direba ba ya ƙara mata inji. Injin da ta fito da shi daga gida shi ne dai. Abin da yake yi, ya sauko lamba ɗaya. Mota ta rage gudu, ta yi gurnani, ta hau. Ya sayar da gudu, ya sayi ƙarfi. Wannan ciniki shi ne duk aikin giya. Ba ka samun biyun a lokaci guda.

Ƙaramin injin batir yana da saurin juyi, amma ƙarfinsa kaɗan ne. Da yatsu biyu za ka iya tsayar da wasu daga cikinsu. In ka haɗa shi kai tsaye da taya, ka ɗaga motar sama, tayoyi za su yi ta wulwulawa, ka ji daɗi. Ka ajiye ta ƙasa, ta yi tsit. Nauyi ya fi ƙarfinta.

Giyoyin Technic ana sanin su da yawan haƙoransu. Akwai mai 8, mai 12, mai 16, mai 20, mai 24, mai 36, mai 40. Ɗauki mai 8 ka sa a bakin inji. Ɗauki mai 24 ka sa ta cije shi. Sai ƙaramar ta juya sau uku kafin babbar ta juya sau ɗaya. Gudu ya ragu gida uku. Ƙarfin murɗawa ya ninka kusan sau uku. Na ce kusan, domin gogayya tana cin nata rabon.

Bari mu yi lissafin tare. Wanda ke da biro ya rubuta.

A ce injinka yana juyawa sau 300 a minti ɗaya. A ce kewayen tayarka santimita 25 ne. In babu giya, motar za ta so ta yi tafiyar mita 75 a minti. Saurin tafiyar babban mutum ke nan. Ga motar roba mai nauyin kilo biyu ko uku, wannan buri ne kawai. Sa giya mai 8 da mai 24. Juyi ya dawo 100, tafiya ta dawo mita 25 a minti. Yanzu za ta tafi a kan siminti. Kana so ta hau tudu da kaya? Ƙara wasu biyun, mai 8 da mai 24, a bayan na farko. Uku sau uku, tara. Juyi ya dawo wajen 33, tafiya mita 8 a minti. A ido kamar hawainiya. Amma ƙarfinta ya kusa ninka tara.

Ƙarama ta juya babba, ƙarfi ya ƙaru. Babba ta juya ƙarama, gudu ya ƙaru. Ku riƙe wannan.

Akwai kuma wata giya mai siffar dunƙulen sukuru, doguwa mai zare. In ta juya sau ɗaya, haƙori ɗaya tak take turawa. Haɗa ta da mai 24, sai ta juya sau 24 kafin waccan ta zagayo. Kuma ba a iya juya ta ta baya. Wato in ta ɗaga bodin tifa, inji ya tsaya, bodin ba zai faɗo ba. Don ɗaga kaya da juya kuren, wato hannun ɗaga kaya, babu kamarta. Don tafiyar da taya kuwa ban ba da shawararta ba. Tana ɓarnar ƙarfi da yawa wajen gogayya.

Sai tambayar da gwanaye suka fi damuwa da ita: a ina za a rage gudun? Kusa da inji, ko kusa da taya? Amsa, kusa da taya. Dalili kuwa, aksil ɗin nan roba ne. In ka ninka ƙarfi tun daga bakin inji, duk aksil da gaɓar da ke hanya sai sun ɗauki wannan ƙarfin. Aksil ya murɗe kamar igiya, ko gaɓa ta fashe. Gara a bar juyi ya yi tafiyarsa da sauri, babu nauyi, sai ya iso bakin taya a ninka shi. Motocin gaske ma haka suke yi. Motar Unimog ta kamfanin Mercedes-Benz tana da giya a jikin kowace ƙafa, abin da ke ɗaga cikinta sama da duwatsu. Da LEGO ya fitar da kwaikwayonta a 2011, mai guntaye 2048, ya yi mata irin waɗannan ƙafafu.

Kafin mu bar giya, ga wata fara mai haƙora 24 da ya kamata ku sani. An yi ta ne ta riƙa zamewa daga ciki in nauyi ya yi yawa. Bodin tifa ya kai ƙarshen ɗaguwa, yaro bai saki maɓalli ba, sai ita ta zame maimakon haƙori ya karye. 'Yar ƙarama ce, amma tana ceton kaya masu tsada.

Jama'a, mu shiga kashi na gaba. Kwana. Yaya mota take shan kwana?

Manoma sun san wannan. Shanun huɗa sun kai ƙarshen kunya za su juyo. San da ke ciki kusan a wuri ɗaya yake takawa. Na waje kuwa sai ya zagayo, ya yi tafiya mai nisa. In aka tilasta musu taku iri ɗaya, ba za su juyu ba.

Tayoyin mota haka suke. A ce tsakanin tayar hagu da ta dama santimita 16 ne. In motar ta yi zagaye guda cikakke, tayar waje ta fi ta ciki tafiya da kusan mita ɗaya. Mita guda cur. In aksil ɗaya ne ya ɗaure su, dole ɗaya ta riƙa jan ƙasa. Motar ta riƙa tirjewa, tana neman miƙewa, inji yana shan wuya.

Maganin wannan shi ne difarenshal. Shi ne tukunyar nan da kuke gani a tsakiyar aksil ɗin baya na babbar mota. A Technic ɗan gida ne na roba, da ƙananan giyoyi uku a ciki. Ɗaya tana riƙe da tayar hagu. Ɗaya tana riƙe da ta dama. Ta ukun tana tsakani. In ana tafiya miƙe, duka gidan ne ke juyawa, tayoyi suna tafiya daidai. In an zo kwana, ta tsakiyar sai ta fara juyawa a kan kanta, ta rage wa tayar ciki, ta ƙara wa ta waje. Babu waya, babu kwamfuta. Haƙora ne kawai suke sasantawa. A ganina, ko don wannan ɗan gida kaɗai ya isa a ba yaro kayan nan. Abin da ɗan koyo a gareji kan daɗe bai ga cikinsa ba, ga shi a tafin hannu, yana juya shi da yatsa.

Sai dai difarenshal yana da aibi. Kun sha ganin mota ta maƙale a taɓo da damina. Taya ɗaya tana ta juyi tana watsa laka, ɗayar tana kan busasshiyar ƙasa ko motsi ba ta yi. Aikinsa ne. Juyi yana gudu ne zuwa tayar da ba ta da riƙo. Motar roba ma in ƙafa ɗaya ta ɗaga sama a kan dutse, haka za ta yi. Shi ya sa motocin daji suke da makulli da ke ɗaure tayoyin biyu su juya tare. Motar Zetros da LEGO ya fitar a 2021 tana da wannan makulli, ana kulle shi ana buɗewa daga wayar hannu. A ƙasar Polan da maƙwabtanta akwai masu gasar hawan duwatsu da irin waɗannan motoci da suka ƙera da kansu. Da yawansu cire difarenshal suke yi gaba ɗaya. Sun yarda kwana ta yi wuya, in dai motar za ta hau.

Sitiyari ba zan daɗe a kansa ba. Sanda ce mai haƙora a kwance, ƙaramar giya tana tura ta hagu ko dama, ita kuma tana karkata tayoyin gaba. A ba shi injinsa daban, wanda ke komawa tsakiya in an saki. Mota mai aksil biyu a gaba, na farko ya fi na biyu karkata, in ba haka ba tayoyi su yi ta gardama da juna.

Yanzu ga gargaɗi ga mai niyyar saye. In an ce mota tana da inji, ka tambaya: injin me yake yi? Ɗauki motar Arocs da LEGO ya fitar a shekarar 2015, mai guntaye 2793, mai aksil huɗu. Ƙasaitacciyar mota ce. Injinta guda ɗaya yana juya kuren, yana fitar da ƙafafun tokare, yana ɗaga bodi, yana kuma buga famfon iska da ke motsa hannun kuren. Amma ba ya tafiyar da taya. Da hannu ake tura ta. Wanda ke son ta yi tafiya da kanta, sai ya buɗe cikinta ya nema wa wasu injina wuri. Masu wannan sha'awa da yawa daga nan suke fara ƙirar kansu.

Mu zo kan batir da rimot.

Akwatin batir ɗin da aka saba yana cin batir shida, irin na rimot ɗin talabijin masu ɗan kauri. Kowane bolt ɗaya da rabi, jimla bolt 9. In masu caji ne, kowane 1.2 ne, jimla 7.2. Motar za ta ɗan rage kuzari, amma aljihu zai huta. Akwatin nan yana cikin abubuwa mafi nauyi a motar. A sa shi ƙasa-ƙasa, tsakanin aksil na gaba da na baya. Ka ɗora shi sama, mota ta kife a kwanar farko. Kuma a bar masa ƙofa. Ba daɗi a ce sai an rushe rabin mota kafin a canza batir.

Tsarin da aka fito da shi a 2007, mai suna Power Functions, yana aiki da rimot mai haske marar ganuwa, irin na talabijin. A cikin ɗaki lafiya lau. A tsakar gida da rana tsaka kuwa, hasken rana yana danne shi, sai ka matso dab da motar take jin umarni. Tsarin Control+, wanda ya zo a 2019, yana bi ta Bluetooth daga manhajar waya. Rana ba ta dame shi ba. Amma ni ina da ƙorafi a kansa. Bulon 1958 yana aiki har yau. Manhajar waya kuwa sai an ci gaba da sabunta ta. Kuma yatsa a kan gilashi ba ya jin abin da yake ji a kan maɓalli na gaske.

Maganar kuɗi, gaskiya kayan nan suna da tsada. Akwai kamfanonin ƙasar Sin, irin su CaDA da Mould King, da ke yin masu shiga da su a farashi mai sauƙi. Akwai na hannu. Akwai kuma manhaja kyauta mai suna Studio, ta BrickLink, da mutum zai zana motarsa a kwamfuta, ya ƙirga guntayen da yake buƙata kafin ya kashe ko sisi. Makaranta ko ƙungiyar matasa za su iya haɗa kuɗi su sayi akwati ɗaya, a haɗa, a warware, wasu su sake haɗawa.

Bodi da kan mota su ne ƙarshe. Su ne ke ɗaukar ido, su ne kuma ke ƙara nauyi. Kowane ado da ka liƙa, injinka ne zai ɗauka. A yi su da sauƙi, a kuma yi su yadda za a iya cire su a leƙa ciki.

Iyaye, naku ya zo. Ƙusoshin nan ƙanana ne ƙwarai. Yaro ɗan ƙasa da shekara uku zai iya haɗiye su su shaƙe shi. A yi aikin a kan tire ko faranti mai baki, a ɗauke in an tashi. Yashi da ƙurar hunturu suna cin haƙoran giya, a goge da tsohon buroshi bayan an yi wasa a waje. Kada a ɗiga musu baƙin mai ko giris na mota, yana lalata roba. Wanda ake sawa shi ne man silikon, shi ma ɗigo kaɗan. In za a wanke, a cire inji da batir, a yi da ruwa mai ɗumi da bai wuce digiri 40 ba. Kada a shanya a rana, kada a bar su a cikin mota a rufe.

Kashi na ƙarshe, gwaji. Kada ka jira sai an gama. Ka haɗa aksil, juya shi da yatsa. Ka haɗa giya, juya ta da yatsa. Tun cesis yana tsirara, sa batir, ɗora masa wani abu mai nauyin bodin da za ka yi, jingina katako a jikin bulo, ka ga ko zai hau.

Sannan ka saurara da kunne. In ka ji ƙarat-ƙarat, haƙora ne ke tsallake juna, ka ƙara tokare aksil ɗin ta gefe biyu. In ka ji inji yana gunji mota ba ta motsi, kashe shi nan take kafin ya yi zafi, ka ƙara rage giya. In taya ɗaya ce ke juyi ita kaɗai, difarenshal ne. In kuwa ka kunna sai ka ga tayoyin gaba suna neman gabas, na baya suna neman yamma, to difarenshal ɗaya an sa shi a juye. Gefen da haƙoransa suke ya koma ɗaya ɓangaren. Ciro shi, juya shi, mayar. Aikin minti biyu ne in cesis yana buɗe. In an riga an rufe shi da guntaye dubu biyu, sai an warware har a iso gare shi.

Lokaci ya cim mana, masu sauraro. A nan za mu dakata.